Me Za a Rubuta a Saman Fasta?

Duk wanda ya ɗauki nauyin kawo mawaƙi Kanya Babba, ko Babura, ko Roni, a kwanakin Sallah, kafin ya kai ga lissafin janareto da kujerun haya akwai tambayar da ke jiransa a shagon buga takardu. Yaron da ke kan kwamfuta zai jera hoton mawaƙi, ya sa rana da wuri, sannan ya waiwayo ya ce, "Alhaji, me za a rubuta a sama?" A nan ake yin jim. Abin da za a yi kowa ya san shi: za a kewaye fili, mawaƙi ya hau dandamali, mai shiga ya biya a ƙofa. Sunan abin ne har yau Hausa ba ta tsayar da guda ɗaya ba.

Mafi sauƙi a ce wasa. Sai dai wasa ya kwashi kaya da yawa. Ƙwallo wasa ne, dambe wasa ne, kwaikwayo wasa ne, tsokanar da ke tsakanin jika da kaka ma wasa ne. Wanda ya hango "Gagarumin Wasa" a jikin bango sai ya matso ya duba hoto kafin ya san ko takalmin ƙwallo zai nema ko sabuwar shadda. Dole a ƙara masa bayani: wasan Sallah, wasan mawaƙa.

'Yan boko suna da tasu, konsat. Ƙetare iyaka kaɗan daga Babura, wajen Magariya da Damagaram, waɗanda suka yi lakwal suna cewa konser, da lafazin Faransanci. Kalma ɗaya ce ta biyo hanya biyu, kuma asalinta Italiyanci ne, inda take nufin haɗuwar baki da jituwa. Tarihin abin da take nufi ya fi ta ban sha'awa. A watan Disamba na 1672 wani mai goge irin na Turawa, John Banister, ya sa sanarwa a jaridar London Gazette cewa za a riƙa kiɗa a gidansa da ke Whitefriars kowace yamma. Sule guda ake biya a shiga. Masana tarihin kiɗa suna lissafa wannan cikin farkon wasannin da aka buɗe wa kowa da kowa a kan kuɗin ƙofa. Wato ranar da aka haifi wasan biya, ranar aka haifi tallansa. Wanda zai sayar da kiɗa ga mutanen da bai sani ba, tilas ya nemi hanyar gaya musu.

Makaɗin Hausa bai taso da wannan matsalar ba. Yana da ubangida, ko sarki, ko attajiri, ko mai biki, ko manoman da suka kira shi gayya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, abin da suka samu mafi yawansa daga hannun waɗanda suka waƙe ya fito, bayan waƙa ko ana cikinta. Taro kuwa ganga ce ke kiransa. In samari suka sa kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, ba a buga takarda. Kalangu ya tashi da dare, na ƙauyukan kewaye su bi sautin. Kiɗan shi ne shelar kansa.

Sai gala. Ita ma baƙuwa ce, ta shigo ta Ingilishi, kuma can baya a harsunan Faransa da Italiya da Sifaniya tana nufin shagali da ado na ranar biki. A Kano ta sauka a kan wasan da 'yan rawa da 'yan fim ke yi a kan dandamali, har aka sami gidajen gala. Da ta zauna sai ta kwashi ƙura. An sha rufe irin waɗannan gidaje a Kano, kuma uba da yawa in ya ji kalmar ya gama yanke hukunci kafin a gaya masa wanda zai yi waƙar. Rubuta gala a saman fasta yana jawo samari, yana kuma sa a kulle ƙofar gida a kan 'yan mata. (Gala ɗin da ake miƙo wa matafiya ta tagar mota, burodin nan mai nama a ciki, sunan da kamfani ya raɗa masa ne, shi ba a taɓa hana kowa ba.)

Ajo ya fi tsufa a kunnenmu. Mai biki ko mai neman a tallafa masa ya ɗauko makaɗi, abokai da 'yan'uwa su hallara, a riƙa kiran suna ana zuba kuɗi. A Yarbanci akwai kalma mai wannan siffa da ke nufin taro da kuma kuɗin da ake tarawa a hannun mutum ɗaya, irin adashinmu. Ajiye su kusa da juna ka ga yadda suka yi kama. Ajo ba a sayar da shi ga baƙo. Waɗanda za su zo sun san dalilin zuwansu.

Majalisi kuwa wasali ɗaya ne ya raba shi da majalisa. Dukansu daga Larabci suke, wurin zama. Majalisa ta tafi wajen sarakuna da 'yan siyasa da masu hira a bakin titi, majalisi ya tsaya wajen sha'irai masu yabon Annabi. Lasifika iri ɗaya ce, kujerun ma wataƙila mutum ɗaya ya ba da hayarsu, amma dattijon da ya hana 'yarsa zuwa gala shi zai ba ta kuɗin mota zuwa majalisi. Sunan da aka rubuta a sama ya riga ya zaɓi waɗanda za su cika wurin.

To an sa suna. Yanzu yaya za a kira aikin gaya wa jama'a? Hausa na da manyan kalmomi uku, kuma kowace na ɗauke da irin dangantakar da ke tsakanin mai faɗa da mai ji.

Shela daga sama take saukowa. Mai shela ba maganarsa yake yi ba. Yakan fara da gaisuwar sarki ko hakimi ko dagaci, ya faɗi saƙo, ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce dabarar: an mayar da kowane mai sauraro ɗan aike, ba tare da an biya shi ba. Yekuwa 'yar'uwarta ce, ta fi nauyi da tsufa, ana jin ƙamshin fada a jikinta. Gangami kuwa asali kiɗa ne na tara mutane idan wani babban abu ya taso. Yau gangar ta ɓace, kalmar ta rage: gangamin siyasa, gangamin rigakafi. Ga kuge, ƙarfen da ake kaɗawa kafin a yi magana. David Ames da Anthony King, a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, sun tattara irin waɗannan sunaye masu yawa, kuma mai karanta shi yau zai ga nawa ne suka bar bakin yara.

Sanƙira na nan a tsakiya. Wasu suna rubuta shi da ƙ mai lanƙwasa, wasu da k miƙaƙƙiya, kuma masu miƙaƙƙiyar suna da uzuri, don kunne na son ya ji kira a cikin sunan mutumin da aikinsa ke nan. San ɗin da ke gaba ma ana ganinsa a wasu sarautu, Sankurmi da Santuraki. Shi ne mai kirari, mai sanar da wanda ya iso da abin da ya bayar. Matashin da ke riƙe da makirfo a wasan yau, wanda ake ce wa emsi, kujerar sanƙira ya gada, ko ya sani ko bai sani ba.

Matsalar mai shirya wasa ita ce ba shi da ikon da shela ke bukata. Ba wanda za a ci tara don bai zo ba. Saboda haka yakan yi aro. Dubi ƙasan fasta: uban taro, uwar taro, babban baƙo, mai masaukin baƙi. Uban taro kalma ce mai kyau ƙwarai, kuma ba komai ba ce illa tsohon ubangidan makaɗi ya canza riga. Sunansa a takarda yana gaya wa gari cewa abin nan yana da mai shi, ba za a watse da duka ba, kuma yaransa da masu neman ya gan su za su zo ko ba sa son waƙar.

Gayyata ta fi shela taushi, ta kuma fi ta ɗaurewa. Daga gayya take, aikin da ake kiran mutane su taya ka noma ko ɗaukar jinka, da sanin cewa ranar tasu kai ma za ka je. Ba a yin ta da baki kawai, sai da goro. Wanda ya karɓi goron gayyata ya tauna, ya ci bashi. Haka mata ke cewa biki bashi ne: abin da aka kawo miki ranar taki a rubuce yake, ko da a ka ne. Harshen ma ya tanadi suna ga wanda ya zo ba da goro ba, ɗan gayyar soɗi.

Kati ya zo ya zauna kusa da goro, ya zo da gajeren sunansa na Ingilishi, haruffa biyu, I da V. Da yake bakin Bahaushe ba ya da harafin na biyu, sai aka koma cewa aibi. Ga shi kuwa tun da daɗewa muna da aibi na Larabci, wato illa. Don haka a ƙasar nan ana iya jin mutum na ƙorafi cewa an yi biki ba a kawo masa aibi ba.

A ganina, a gari irin Kanya Babba, inda mai shirya wasa da mai sayen tikiti sun san kakannin juna, gayyata ta fi kowace dabara cika fili. Kati ashirin da aka kai hannu da hannu, ga shugaban 'yan acaɓa, ga shugabar ƙungiyar mata, ga mai shayin da matasa ke taruwa wurinsa, ga mai kulob ɗin ƙwallo, sun fi fasta ɗari, domin kowane ɗaya ba shi kaɗai zai zo ba. Fasta tana sanarwa. Kati yana sa jin kunyar rashin zuwa.

Ta ukun ita ce talla, kuma ita ce mai faranti a ka. Kafin ta shiga rediyo, talla aikin yarinya ce mai zagaya unguwa da ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa tana kiran sunan hajarta. Har yau ba a daidaita jinsinta ba: wani ya ce tallan wasa, wani ya ce tallar wasa, kuma ba wanda za a ce ya yi kuskure. Da ita harshen kasuwa ya shigo harkar waƙa. Saurari mai sanarwa: mawaƙa za su baje kolinsu. Koli fa kayan ɗan koli ne, allura da madubi da zare da kwalli, waɗanda yake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa. Makaɗin fada da a ce masa ɗan koli, da ranar an ji habaici.

Fi'ilan da ke kewaye da ita suna bukatar hattara. A tallata wasa, a sanar da shi, a yaɗa labarinsa, duk lafiya. A yayata shi kuwa, an fara shiga gonar abin kunya, don asiri ake yayatawa. A kwarmata shi, an nuna kamar da ma ɓoye shi ake yi.

Wurare biyu da talla ta fi ci su ne kasuwa da dandali, kuma duka sunayen biyu ta Borno suka iso mana. Dandal a Barbarci shi ne faffaɗan filin da ke gaban fada. Kasuwa kuma, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a 1960, ta biyo ta Barbarci ne daga kalmar Larabci ta suƙ. Mai wasa a wannan yanki ya san lissafin ranakun kasuwa fiye da kalanda. Wanda ya kai saƙonsa Maigatari ranar Alhamis ya gaya wa ƙasa biyu a yini ɗaya.

Ga yadda abin yake a kusa. An ɗaure lasifika biyu a kan rufin mota da igiyar roba, ɗaya ta kalli gaba ɗaya baya. An manna fasta a ƙofofi da gilashin baya, gefenta ya fara naɗewa saboda zafi. Direba na tafiya a giya ɗaya, yaro a kujerar gaba ya rungume batir da waya. Waƙar mawaƙin ta yi rabin minti, a katse, murya ta shigo: ina masoya, ga rana, ga wuri, ga kuɗin shiga, kada ku bari a ba ku labari. Yara na bin motar a guje suna miƙa hannu a ba su 'yar takarda, wadda rabinsu ba su kai karanta ta ba, amma za su kai ta gida.

Kusan duk abin da ke jikin motar nan sunan aro yake ɗauke da shi. Lasifika Ingilishi ce da Hausa ta warware mata cunkoson baƙaƙe, ta mayar da p ta zama f. Muna da tamu, amsa-kuwwa, wadda asali sunan muryar da dutse ko kogo ke mayar maka ne. Ta fi kyau, amma a littafi da labaran rediyo ta fi zama, mai haya lasifika yake bayarwa. Fasta ma p ɗinta ya koma f, har wasali ɗaya kawai ya raba ta da fasto na coci. Ƙyallen da ake ratayawa a kan titi sunansa bana, ya zo ya tarar da bana ta shekarar da ake ciki, don haka mai shago na iya tambaya ko banar bara za a gyara ko ta bana za a buga. In kuma a kan babur mai ƙafa uku aka ɗora kayan, to a kan a-daidaita-sahu suke, sunan da ya samo daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, shi kuma shirin ya aro daga abin da liman ke faɗa kafin kabbara. Kalmar da ta fito daga masallaci ga ta tana yawo da tallan kiɗa.

Motar kanta tana da kaka. A zamanin Turawa akwai motar majigi, mai zagaya garuruwa tana haska finafinan tsafta da noma a ƙofar fada, kuma sunan majigi daga kalmar Ingilishi ta sihiri ya fito, majik, saboda fitilar nuna hotuna da suke kira haka. Rediyo ya karɓi aikin daga baya, musamman da gidaje masu zaman kansu suka yawaita bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003. Yanzu kuma mawaƙin da kansa yake ɗaukar bidiyon rabin minti, ya ambaci sunan garin, ya ce yana nan tafe, a zuba a WhatsApp da Facebook da TikTok. Fi'ilin da ake amfani da shi, tura, namu ne tsantsa. Wannan ɗan bidiyon yana da aikin da fasta ba ta iya yi: shaida ce cewa mutumin ya san da zancen, don jama'a sun sha ganin hoton mawaƙi a bango ba su ga mawaƙin ba.

Akwai kuma wata kalmar wasa ta biyu da rubutu ke ɓoyewa. Da wani karin sauti, wasa na nufin goga wuƙa a dutse har ta yi kaifi, kuma na nufin zuga gwani da kirari. Mai talla yana wasa mawaƙi ne domin a zo wasa. A baki ba sa rikicewa. A takarda sai mai karatu ya sa kunnensa.

A ƙofa ake haɗuwa da tikiti. In aka bi sawunsa ta Ingilishi zuwa tsohon Faransanci, sunan 'yar takarda ce da ake mannawa a jikin abu, daga fi'ilin da ke nufin liƙawa. Mu kuma me muke kira kuɗin da ake manna wa mawaƙi a goshi? Liƙi. Fasta ma liƙa ta ake yi. A wuraren da takarda ke saurin komawa waje ta kan katanga a sake shigowa da ita, sai a koma buga hatimi a bayan hannu, ya zama an liƙa tikitin a jikin mai shi. Bambancin tikiti da liƙi na lokaci ne da na ido: tikiti kafin a ji waƙa ake biya, kowa daidai, ba wanda ya gani, liƙi bayan waƙa ta ratsa mutum ne, gwargwadon ƙarfinsa, a gaban kowa, sanƙira na faɗin suna. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Kalmar dai ba ta nuna alamar barin gari ba, kuma mai wasa mai wayo yakan sauke kuɗin ƙofa don ya san babban kuɗin a ciki yake.

"Kai tsaye" fa, da ake son rubutawa da jan launi? Daga rediyo da talabijin ta samu wannan aikin, shirin da ake watsawa yayin da yake faruwa. A kan fasta tana alkawarin cewa mawaƙin zai zo da jikinsa. Ba ta yi alkawarin zai zo da muryarsa ba. Sau da yawa waƙar da aka ɗauka a situdiyo ce ake sakawa yana bin ta da baki, abin da samari ke kira mamin. Shata da 'yan amshinsa da makaɗan kalangunsa ba su taɓa bukatar a rubuta musu kai tsaye ba.

Waɗanda aka sha wannan wahala dominsu su ma sunansu bai tsaya ba. 'Yan kallo ne ko masu sauraro? A wasan waƙa 'yan kallo muke cewa, kuma wannan ya faɗi gaskiyar abin da aka biya: an riga an ji waƙar a waya, ganin mai ita aka zo yi. Mawaƙi yana da masoya, ɗan siyasa da kulob suna da magoya baya. A takardar hukuma kuwa mahalarta ne, daga halarta, wadda ta fito daga Larabci da harafin ladi, harafin da Hausa ke mayarwa l. Shi ne a cikin alƙali, da alwala, da farilla, da lalura. Saurayin da ya halarci wasan Sallah ya yi amfani da harafi ɗaya da na alwalar da ya yi da safe.

In fili ya cika, sai a ce ya yi cikar kwari. A rubuce ba a bambance kwarin da ake zuba kibau da kwarin da ruwa ke kwanciya a cikinsa, kuma kowanne ya dace da taro. Abin kiyayewa kawai kada wani mai son gyara ya lanƙwasa k ɗin, ya mayar da jama'a ƙwari. Ko a ce ba masaka tsinke, nan ma k ɗin a miƙe, in ba haka ba an kira masu saƙa. Washegari za a ga bidiyon a waya, an ɗauko shi daga kan dandamali inda kawuna suka fi yawa, har da yaran da suka ɗare katanga da rassan bishiya ba su biya ko sisi ba. Mai ƙofa ya lissafa su cikin asara. Mai tura bidiyon ya lissafa su cikin jama'a, ya rubuta ba masaka tsinke a ƙasa, ya ƙara da cewa sai Babbar Sallah.